Sant'Egidio: Daga Unguwannin Talakawan Roma Zuwa Teburin Sulhun Afirka

Sant'Egidio ƙungiya ce ta mabiya ɗarikar Katolika wadda cibiyarta ke Trastevere, wata tsohuwar unguwa mai yawan lunguna a hayin kogin Tiber cikin birnin Roma. Akasarin 'yan ƙungiyar ba limaman coci ba ne, ba su kuma ɗauki alkawarin zuhudu ba. Malaman makaranta ne da likitoci da ma'aikatan gwamnati da ɗalibai da 'yan fansho, da yawansu masu aure da iyali. Kowa na neman abincinsa da rana, da yamma su taru su yi addu'a, sannan su ba da lokacinsu kyauta ga hidimar marasa galihu. A yau ƙungiyar tana da rassa a ƙasashe sama da 70, da dama daga cikinsu a Afirka. Abin da ya fito da sunanta duniya shi ne sulhun da aka ƙulla a gidanta tsakanin gwamnatin Mozambik da 'yan tawaye a 1992, har 'yan jaridar Italiya suka yi mata laƙabi da Majalisar Ɗinkin Duniya ta Trastevere. Sai dai shiga tsakanin ya zo ne bayan shekara ashirin da aka shafe ana zama da talakawa, kuma daga cikin wannan zaman ya tsiro.

Mafari

Ranar 7 ga Fabrairun 1968 wani ɗalibin sakandare mai shekara 18, Andrea Riccardi, ya tara 'yan'uwansa ɗalibai don su karanta Linjila tare. Shekara ce da ɗaliban Turai suka cika tituna suna neman a sauya tsarin duniya, kuma shekara biyu da 'yan watanni ke nan da kammala babban taron Vatican na biyu, wanda ya nemi mabiyan da ba limamai ba su ɗauki nauyin addininsu da hannunsu. Yaran 'ya'yan masu hali ne na tsakiyar gari. Karatun ya kai su bayan gari, inda iyalan da suka yi ƙaura daga kudancin Italiya ke zaune cikin bukkokin kwano da katako, kusa da filin tseren karnuka a bakin Tiber. 'Ya'yan waɗannan iyalai suna faɗuwa jarrabawa suna barin makaranta, don haka aikin farko da ɗaliban suka kama shi ne yi musu darasin yamma kyauta. Wannan darasi ne asalin abin da ƙungiyar ke kira Makarantun Zaman Lafiya, waɗanda ke nan har yanzu a unguwannin talakawa na birane da yawa.

A 1973 suka samu mazauni a wani tsohon gidan mata masu zuhudu da aka bari ba kowa, haɗe da ƙaramin cocin Sant'Egidio, kuma daga nan sunan ya bi su. Fadar Vatican ta amince da su a hukumance a 1986. Da jama'a suka yi wa ƙaramin cocin yawa, addu'ar yamma ta koma babban cocin Santa Maria da ke kusa, inda ake yin ta kowace rana ƙofa a buɗe. Lokacin da Fafaroma Francis ya ziyarce su a watan Yunin 2014, ya taƙaita rayuwarsu cikin abubuwa uku: addu'a, talakawa, da zaman lafiya. Tun 2003 masanin tarihi Marco Impagliazzo ne shugaban ƙungiyar.

Talakawan birni

Daga yara, hidimar ta faɗaɗa zuwa tsofaffin da aka ajiye a gidajen gajiyayyu ba mai leƙa su, da naƙasassu, da fursunoni, da baƙin haure, da masu kwana a titi. Akwai wani lamari da ya zauna a zuciyar ƙungiyar har yau. Ranar 31 ga Janairun 1983 wata tsohuwa mai suna Modesta Valenti, wadda ke kwana a babbar tashar jirgin ƙasa ta Termini, ta yanke jiki ta faɗi. An kira motar asibiti, ma'aikatan suka ƙi ɗaukarta saboda dauɗar jikinta. Ta yi awoyi tana jira a ƙasa har rai ya yi halinsa. Tun daga lokacin, kowace shekara ƙungiyar tana yin addu'ar tunawa da ita, ana karanto sunayen waɗanda suka mutu a titi ɗaya bayan ɗaya, ana kunna kyandir ga kowane suna. Daga baya hukumar birnin Roma ta ƙirƙiri wani adireshi a takarda mai ɗauke da sunanta, wanda marar gida zai yi rajista da shi. Abin ƙarami ne a ido, amma a Italiya wanda ba shi da adireshi yana shan wahala kafin ya samu katin shaida ko likitan gwamnati ko fansho.

A nan ake ganin yadda ƙungiyar ta fahimci adalci. Ciyarwa tana ciki: gidan abincinta na titin Dandolo, wanda aka buɗe a 1988, yana ba da abinci mai zafi kyauta, kuma ana zaunar da mutum a tebur a kawo masa, ba ya bin layi da kwano a hannu. Kowace shekara tana buga wani ɗan littafin aljihu da ke nuna wa marar gida inda zai ci, inda zai kwana, da inda zai yi wanka. Tun 1982 kuma, ranar Kirsimeti ana jera tebura a tsakiyar cocin Santa Maria a ci abincin rana da talakawa, kowa ya tashi da tsarabar da aka rubuta sunansa a kai. Amma bayan ciyarwar akwai nacewa a kan cewa talaka mutum ne mai suna da haƙƙi, wanda ya kamata a san shi shekara da shekaru, a nemi inda ya shiga in ba a gan shi ba.

Mozambik

Alaƙar ƙungiyar da Mozambik ta faro ne daga abota da mutum guda. A 1976 wani matashin bishop ɗan ƙasar, Jaime Gonçalves, wanda daga baya ya zama babban bishop na Beira, ya saba da su a Roma. Ƙasarsa ba ta daɗe da samun 'yanci daga Fotugal ba, kuma jam'iyyar Frelimo ta Samora Machel mai bin aƙidar gurguzu ta ƙwace makarantu da asibitocin coci, ta takura wa limamai. 'Yan Sant'Egidio suka yi wani abu da ba a saba gani ba: a farkon shekarun 1980 suka haɗa bishop ɗin da Enrico Berlinguer, shugaban jam'iyyar kwaminis ta Italiya, wanda Frelimo ke jin maganarsa, don ya sa baki a sassauta. Da yunwa ta faɗa wa ƙasar suka tara abinci da magani suka aika. Ta haka gwamnati ta san su a matsayin mutanen da suka zo lokacin tsanani.

Kayan agajin ba su iya yin komai a kan tushen yunwar ba, wato yaƙi. Tun 1977 'yan tawayen Renamo, waɗanda gwamnatin farar fata ta Rodeshiya ta goya wa baya, daga baya kuma gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, suke gwabzawa da sojojin gwamnati. An ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan ɗaya ne suka mutu, miliyoyi suka bar gidajensu. A 1988 Gonçalves ya shiga dajin Gorongosa a asirce ya gana da jagoran Renamo, Afonso Dhlakama. Yunƙurin da aka yi a Nairobi da kuma Malawi bai haɗa ɓangarorin biyu a ɗaki ɗaya ba, domin kowa na zargin mai shiga tsakanin da ɗayan ya kawo. Daga ƙarshe suka yarda su haɗu a tsohon gidan zuhudun Trastevere, wurin da ba shi da soja, ba shi da kamfani, ba shi da iyaka da Mozambik.

An yi zaman farko a watan Yulin 1990. Armando Guebuza ne ya jagoranci tawagar gwamnati, Raul Domingos ta Renamo. Masu shiga tsakani huɗu ne: Riccardi, da wani matashin fada na ƙungiyar mai suna Matteo Zuppi, da Gonçalves, da ɗan majalisa Mario Raffaelli a madadin gwamnatin Italiya. Gwamnati na kallon Renamo a matsayin 'yan fashi da makami, Renamo kuma ba ta yarda gwamnatin halattacciya ce ba. Don haka nasarar zaman farko ita ce takardar da ɓangarorin suka sa wa hannu suna amincewa cewa dukkansu 'yan ƙasa ɗaya ne. Masu shiga tsakanin sun bi ƙa'idar da Fafaroma John na 23 ya shahara da ita, ta fara neman abin da ya haɗa kafin a taɓa abin da ya raba.

Tattaunawar ta ɗauki wata 27, a zagaye 11. Ta yi jinkirin da ya ƙular da mutane da yawa, domin ana magana a Roma ana mutuwa a ƙauyukan Mozambik, kuma an zargi masu shiga tsakanin da sanyin jiki. Su kuwa sun ga cewa babban aikin shi ne mayar da mutanen da suka shekara goma sha a daji 'yan siyasa, masu iya gardama a kan dokar zaɓe da rajistar jam'iyyu, kuma wannan ba ya yiwuwa da gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa. A tsakiyar 1992 Amurka da Birtaniya da Faransa da Fotugal da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shigo a matsayin 'yan kallo, suka kawo ƙwararru kan harkar soja. Mummunan farin da ya afka wa kudancin Afirka a lokacin ya ƙara matsa wa ɓangarorin biyu, ga shi yaƙin cacar baka ya ƙare, iyayen gidan kowa sun janye hannu. A watan Agusta Shugaba Joaquim Chissano na Mozambik da Dhlakama suka yi ido da ido a Roma, Robert Mugabe na Zimbabwe yana wurin. Ranar 4 ga Oktoban 1992 aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya.

Yarjejeniyar ta tanadi tsagaita wuta, da kwance ɗamarar mayaƙa, da kafa sabuwar rundunar soja daga ɓangarorin biyu, da zaɓen jam'iyyu da yawa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta tura dakaru don sa ido, aka yi zaɓe a Oktoban 1994. Chissano ya ci, Renamo ta samu kujera 112 cikin 250 na majalisa, ta zauna a matsayin 'yar adawa. Ranar 4 ga Oktoba ta zama ranar hutu a Mozambik. Sulhun yana da giɓinsa: an yi afuwa ga kowa, ba a gurfanar da kowa kan ta'asar da aka yi ba, kuma a 2013 Renamo ta sake ɗaukar makami na wani lokaci, sai a 2019 aka ƙulla wata yarjejeniyar. Duk da haka shekara ashirin ba tare da yaƙi ba babbar riba ce ga ƙasar da ta fito daga irin wancan bala'i. Shi kuwa Zuppi ya zama Kadinal a 2019, kuma shi Fafaroma Francis ya naɗa manzonsa kan yaƙin Yukren a 2023.

Inda abin ya ci tura

Ba kowane zama ne ya haifi ɗa mai ido ba. Bayan sojoji sun soke zaɓen Aljeriya a farkon 1992 ƙasar ta faɗa cikin zubar da jini. Sant'Egidio ta gayyaci jam'iyyun adawa zuwa Roma, ciki har da FLN, da FFS ta Hocine Aït Ahmed, da wakilan jam'iyyar Islama ta FIS da aka haramta, da tsohon shugaba Ahmed Ben Bella. Ranar 13 ga Janairun 1995 suka sa hannu a kan matsaya guda: a daina neman mulki ko riƙe shi da ƙarfin bindiga, a koma ga zaɓe. Gwamnatin Aljeriya ta yi watsi da takardar baki ɗaya, ta kira ta katsalandan, aka ci gaba da kashe-kashe shekaru. A Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, gwamnati da ƙungiyoyi 13 masu ɗauke da makamai sun sa hannu a Roma ranar 19 ga Yunin 2017, washegari faɗa ya ɓarke a garin Bria aka kashe mutane da dama. Sanarwar Roma ta Janairun 2020 tsakanin gwamnatin Sudan ta Kudu da 'yan tawayen da suka ƙi shiga yarjejeniyar 2018 ita ma ta yi ta tangal-tangal, har tattaunawar ta koma Nairobi a 2024.

Waɗannan sun nuna iyakar ƙarfin ƙungiyar. Tana iya samar da ɗaki, da sirri, da amana, da haƙuri. Ba ta da abin da za ta tilasta wa kowa da shi. Inda ɓangarori suka gaji da yaƙi kuma manyan ƙasashe suka tsaya a bayan sulhun, kamar a Mozambik, rashin ƙarfin nata ya zama abin da ya sa aka amince da ita. Inda wani ɓangare ke ganin zai ci da bindiga, takardar Roma takan tsaya a takarda.

Nijar ma ta taɓa zama a wannan tebur. Bayan juyin mulkin da Salou Djibo ya yi wa Mamadou Tandja a Fabrairun 2010, wakilan hukumomin riƙon ƙwarya da na manyan jam'iyyu sun je Roma a watan Oktoba, suka amince da ƙa'idojin da za a bi a koma mulkin farar hula, kafin zaɓen 2011 da ya kawo Mahamadou Issoufou. A farkon 2022 kuma ƙungiyoyin 'yan tawayen Chadi sun gana a can gabanin tattaunawar sulhu da gwamnatin ƙasarsu a Doha.

Magani da takardar haihuwa

Da yaƙin Mozambik ya lafa, cutar ƙanjamau ta shiga kashe waɗanda bindiga ta bari, har da 'yan ƙungiyar. A wancan lokaci ra'ayin da ya fi rinjaye a wurin masu ba da agaji shi ne cewa maganin rage kaifin cutar ya fi ƙarfin Afirka tsada da wahalar sarrafawa, a tsaya kan wayar da kai kawai. Sant'Egidio ta ɗauki wannan a matsayin zalunci. A 2002 ta buɗe shirin DREAM a wajen birnin Maputo, bisa sharaɗin cewa ɗan Afirka zai samu irin maganin da irin gwajin jinin da ake yi wa ɗan Turai, kuma kyauta. An haɗa da tallafin abinci, domin maganin ba ya zama a cikin da ba komai, aka kuma horar da matan da suka farfaɗo su riƙa bin gida gida suna ƙarfafa wa wasu gwiwa. An fi mayar da hankali kan masu juna biyu, kuma jarirai sama da 100,000 ne aka haifa ba tare da cutar ba daga uwayen da ke ɗauke da ita. Shirin ya bazu zuwa ƙasashen Afirka kusan goma, ciki har da Najeriya da Kamaru.

Shirin BRAVO kuma na rajistar haihuwa ne. Yaron da ba a rubuta haihuwarsa ba yakan kasa zana jarrabawa, ba a iya tabbatar da shekarunsa in an kai shi aikin ƙarfi ko an sa shi cikin mayaƙa, in ya girma kuma ƙuri'a da gado sukan yi masa wuya. A Burkina Faso, gangamin da aka yi tare da gwamnati daga 2009 ya sa mutum sama da miliyan 3 sun samu takardar haihuwa.

Hanya ba ta teku ba

Ranar 3 ga Oktoban 2013 wani jirgin ruwa ya nutse daf da tsibirin Lampedusa na Italiya, mutum 368 suka halaka, mafi yawansu 'yan Eritriya. Ƙungiyar ta nemi mafita a cikin dokar Turai kanta, ta samu sashen da ya ba ƙasa damar bayar da biza saboda jin ƙai. A Disambar 2015 ita da cocin Furotesta na Italiya suka ƙulla yarjejeniya da gwamnati: za a je sansanonin 'yan gudun hijira a zaɓo mafi rauni, marasa lafiya da zawarawa masu yara da tsofaffi, jami'an tsaro su tantance su, su shigo ta jirgin sama da biza a hannu. Coci-coci da iyalai ne ke ɗaukar nauyin masauki da koyon harshe da neman aiki, ba baitulmalin gwamnati ba. Rukunin farko, 'yan Siriya daga Labanan, ya sauka Roma a Fabrairun 2016. A watan Afrilun shekarar, da Fafaroma Francis ya dawo daga tsibirin Lesbos da 'yan Siriya 12, dukkansu Musulmi, hannun Sant'Egidio ya danƙa su. Faransa da Beljiyam sun bi sahu, an kuma buɗe irin wannan hanya daga Habasha da Nijar. Mutum dubbai ne suka shigo ta haka. Adadin kaɗan ne in aka gwada da masu ratsa Sahara da Bahar Rum, amma ya tabbatar da cewa ana iya karɓar baƙo cikin tsari ba tare da an bar shi a hannun masu fasa-ƙwaurin mutane ba.

Addinai da hukuncin kisa

Ranar 27 ga Oktoban 1986 Fafaroma John Paul na biyu ya tara shugabannin addinai a garin Assisi don roƙon zaman lafiya. Sant'Egidio ce ta ɗauki nauyin maimaita taron kowace shekara a birane daban-daban. Tsarinsa shi ne mabiya kowane addini su yi addu'arsu a wurinsu bisa ƙa'idarsu, sannan a haɗu a dandali a sa hannu kan kiran zaman lafiya. Babban Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, ya halarta fiye da sau ɗaya, Shugaba Issoufou ma ya yi jawabi a taron 2017 a Jamus.

Fafutukarta ta soke hukuncin kisa ta fi jawo saɓani. Tun 2002, kowace ranar 30 ga Nuwamba birane da dama suna haskaka wani fitaccen gini don tunawa da masarautar Tuscany da ta soke hukuncin a 1786. Ƙungiyar ta tara sa hannun mutum miliyan 5, kuma a Disambar 2007 babban zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira da a dakatar da zartar da hukuncin, da ƙuri'a 104, yayin da ƙasashe 54 suka ƙi. Malaman Musulunci da yawa, da Kiristoci da dama, ba su tare da ita a nan, kuma hakan bai hana su zama da ita a kan wasu batutuwan ba.

Akwai masu sukar ta ta wasu fuskoki. Wasu na ganin ta yi kusa da gwamnatin Italiya da fadar Vatican fiye da yadda ya dace da mai shiga tsakani, musamman bayan Riccardi ya riƙe muƙamin minista daga 2011 zuwa 2013. Wasu na cewa zama da masu jini a hannu yana ba su martabar da ba su cancanta ba. Amsar ƙungiyar ita ce da mai riƙe da bindiga ake sulhu, kuma talaka ne ke biyan kuɗin kowace ranar da yaƙi ya ƙara.

Rassanta na Afirka 'yan ƙasa ne ke tafiyar da su, akasari matasa marasa abin hannu, masu koyar da yaran titi da kai sabulu da abinci gidajen yari. Ɗaya daga cikinsu shi ne Floribert Bwana Chui na birnin Goma a gabashin Kwango, ma'aikacin hukumar da ke duba ingancin kayan da ake shigowa da su ta kan iyaka. A 2007 ya hana a shigo da shinkafar da ta lalace, aka yi masa tayin cin hanci ya ƙi, aka yi masa barazana bai janye ba. A watan Yulin shekarar aka sace shi, aka azabtar da shi, aka kashe shi yana da shekara 26. Cocin Katolika ta amince cewa ya mutu ne saboda imaninsa, kuma ranar 15 ga Yunin 2025 aka ayyana shi cikin masu albarka a birnin Roma, matakin da ke gaban na waliyyi.